Gadon amarya: guɗa ranar jere, bulo a damina ta biyu

Bara waccan aka yi auren yayata a Maraɗi. Ranar jere mata sun cika ɗaki, ana ta guɗa, kowa ta shigo sai ta shafa allon gadon ta ce tubarkalla. Fari tas, ga madubi a tsakiya, ga ƴan fitilu a gefe, ga armuwar mai ƙofa huɗu ta kusa taɓa rufi. Sai da babanmu ya saida sa da buhunan wake, saura kuma aka ci bashi. Bana da na je hutu, na iske an tallafe kusurwa ɗaya ta gadon da bulo biyu. Ƙafar ta kumbura ta dare kamar burodin da ya sha ruwa. Ƙofa guda ta armuwar tana jingine da bango. Bashin kuwa har yanzu da saura. A tsakar gidanmu, turmin ƙirya da kakarmu ta zo da shi gidan aure, har gobe da shi ake daka.

Ƴan uwa, so nake mu dubi gadon nan yadda muke duban waƙa ko fim cikin wanga ɗan littafi namu: me aka yi niyya, da me aka yi shi, ina ya dace, ina ya kasa.

Mu fara da jikinsa. Abin da muke ce ma katako a irin wannan gado, yawancinsa ba daga gungume aka tsago shi ba. MDF ne. Ana niƙe itace ya koma zare-zare kamar dusa, a cuɗa da gam, a matse da zafi ya fito falle mai santsi, galibi faɗin santimita 122, tsawon 244. A Amurka aka fara yin sa cikin shekarun 1960. Kuma in za mu faɗi gaskiya, yana da amfani. Ƙasarmu ba ta da dajin katako. Gawo da kalgo da manomanmu suka raya a gonaki abin alfahari ne, amma ba su ba da faranti mai faɗi, ƙirya kuwa ta yi wuya. Katakon da ke kasuwa daga ƙasashen gaɓar teku yake hawowa, sau da yawa bai gama bushewa ba. Da hunturu ya buga shi sai ya tsuke ta faɗinsa, ya tsage ko ya karkace. MDF ba ya wannan tsagewa, fenti na kwanciya a kansa lumui, injin zarto na yanka shi ba gardama, kuma ya fi araha. Shi ya sa ɗiyar talaka ma yau take samun armuwar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda nake da magana shi ne ƙirar. Kowane abu yana da inda ƙarfinsa yake da inda rauninsa yake, aikin mai ƙira kuwa ya aje kowanne a gurbinsa. Raunin MDF biyu ne. Na farko ruwa: in ya sha, ya kumbura, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Na biyu ƙusa mai murɗi: a fuskar fallen tana ɗan kamawa, a bakinsa kuwa sai ta tsaga shi, in aka kwance aka sake ɗaurawa ramin ya zama gari. To dubi inda aka sa shi a gadon yayata. An sa shi a ƙafa, yana zaune daram kan siminti, a ɗakin da ake gogewa da ruwa kullum safiya, a garin da ruwan Agusta ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. An kuma sa shi a gefen da ke ɗauke da nauyin mutum biyu da katifa, an haɗa kusurwoyin da ƙusa a bakin falle. Suka tashi daga gidan haya sau ɗaya tak, aka kwance, aka ɗaura, shi ke nan gado ya fara kuka.

Ƙofar armuwar ma haka. Maƙalar zamani da ke ɓuya a ciki, sai an fafe mata rami mai faɗin milimita 35 a jikin fallen da kaurinsa bai kai santimita biyu ba, sannan ƴan ƙusoshi biyu su riƙe ta. Dabara ce mai kyau, an yi ta don ƙofa marar nauyi. Mu kuma muka liƙa ma ƙofar madubi daga sama har ƙasa, muka bar ta da maƙala biyu. Durowa tana gudu kan ƴan ƙwallayen ƙarfe masu maiƙo, abin sha'awa ranar farko. Maiƙo da ƙurar hunturu in sun haɗu me suke zama, kowa ya sani.

Sai siffa. Hoton gadon daga salula aka ɗauko shi, na wani ɗakin Dubai ko Turkiyya mai faɗi, mai sanyin inji, wanda ƙura ba ta shiga. Aka kawo shi ɗaki ɗaya da falo. Allon kai ya toshe rabin taga. Gadon ya zauna har ƙasa, tsintsiya ba ta shiga, iska ba ta ratsawa, in gara ta fara aiki ba mai gani. Fitilun kuwa sai ranar da akwai kuran. Ku tuna gadon ƙarfe na iyayenmu mata, wanda muke ma dariya. Dogayen ƙafafu gare shi, a share ƙarƙashi, a tura akwati da kwanoni. Rumfarsa ta ɗauki gidan sauro. In za a tashi, a zare shi gida-gida, a ɗora a amalanke, a maida shi cikin minti goma. Wanda ya ƙera shi ya san ɗakin da za shi. Na yanzu hoto kawai ya sani.

Wani zai ce to laifin inji ne, a koma ma gizago. Ban yarda ba. A 1859 wani kafinta Bajamushe, Michael Thonet, da ke aiki a birnin Biyana, ya fito da kujerar da ake kira mai lamba 14. Ana turara itace da tururi har ya yi laushi, a lanƙwasa shi cikin ƙarfe, ya bushe a haka. Guntaye shida ne, da ƙusa mai murɗi goma, da noti biyu. Kujera 36 a kwance suna shiga akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, a kai wata ƙasa a ɗaura. Kafin 1930 an saida wajen miliyan 50, kuma har yau ana yin ta. Aikin masana'anta ce, mai araha ce, ta talakan gari ce, amma ta daɗe, don mai ita ya fara da tambayar me itacen zai iya ɗauka, kuma yaya za a kwance a ɗaura. Injin ya bi tunani. A wurinmu injin zarto da bindigar ƙusa sun zo, tunanin ne aka bari a baya.

Na je na sami kafintan da ya yi gadon, da zafina. Ya saurare ni har na gama, ya ce: “Ɗan lakwal, kai ka san katako ko ni? In na sa jan katako ciki, na huda rami na feƙe harshe na haɗa yadda anka koya min, kuɗinai sun ƙaru, kuma ba mai ganin aikin. Uwar ɗiya ta taho da hoto, ta ce wanga take so nan da kwana goma. Mi zan yi?” Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Bai wanke kansa duka ba, don ya san ƙafar za ta sha ruwa kuma bai faɗa ba. Amma ya nuna min inda gizo ke saƙa. Gadon nan an yi shi ne don yini ɗaya, ranar da ƴan ganin ɗaki za su zo su auna darajar gidanmu da ƙyalli. A wannan jarrabawa ya ci. Mu ne muka rubuta jarrabawar.

Akwai kuma waɗanda ke biyan wani kuɗin da ba a lissafawa. A bayan shagon na ga yara uku, sa'o'in ƙannenmu, suna goge falle, fuska fari fat da gari, ba ko ƙyalle a hanci. Tun 1995 hukumar binciken kansa ta ƙungiyar lafiya ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke kawo kansa, ga kuma gam ɗin da ke cikin MDF. Kuma yaron da ya shekara biyar yana harba ƙusa yana fesa fenti, ya fita bai taɓa haɗa katako biyu da rami da harshe ba. Ran da aka nemi mai gyara, wa za a kira?

Abin da nake nema ba shi da tsada. Ƙafa da ƙashin gado su zama jan katako busasshe ko bututun ƙarfe, masu walda sun cika kowace unguwa. A ɗaga shi daga ƙasa ko da taƙi ɗaya. Kusurwa a haɗa ta da noti mai ratsawa, wanda za a kwance sau goma bai gaji ba. MDF ya tsaya a allon kai da ƙofofi, a shafe bakinsa kada ruwa ya samu hanya. Ƙofa mai madubi a ba ta maƙala uku ko huɗu. Kuɗin da wannan zai ƙara, a cire shi daga fitilu da rabin tsawon allo. Ƴan uwanmu na lise teknik da cibiyoyin koyon sana'a, ga aikin ƙarshen shekara a gabanku: ku zana gadon ɗaki ɗaya na gidan haya, ku kai ma kafintan unguwa ku gwada tare.

Ku kuma ƴan mata da ke karanta wannan, gobe ku ne amare, mu ne yayye masu rakiya kasuwa. In an je, a bar shafa allo tukuna. A duƙa a leƙa ƙarƙashi, a ƙwanƙwasa ƙafa, a tambayi kafinta sau nawa gadon zai iya tashi gida. In ya yi shiru, kun ji amsa.