Labarin Tafiya a Rubuce: Abin da Alƙalami Ke Ceto Daga Mantuwa

Idan matafiyi ya dawo gida, a makon farko bakinsa cike yake da labari. Bayan shekara goma sai ka tarar saura kanun magana: mun je, mun gani, mun dawo lafiya. Abin da ke fara gushewa shi ne mamakin ganin farko, domin da zarar ido ya saba da abu ya daina lura da shi. Wannan mamakin ne rubutun labarin tafiya ke kamawa tun da ɗuminsa, kuma adabin Hausa yana da shaidu.

A dubi Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, har Tumbutu. A 1855 suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka haye teku zuwa Ingila. A can ya zauna da wani Bature mai suna J. F. Schön, yana ba da labarinsa da Hausa ana rubutawa, labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Ƙimar labarin tana cikin ƙananan abubuwa. Yaron ya zuba wa Turawa ido a teburin cin abinci, ya lura da yadda suke zama da yadda ake jera musu abinci kala bayan kala, abin da su masu gidan ba su ɗauka abin faɗa ba. Dorugu ya rasu a Kano a 1912 yana dattijo. Da sai a lokacin aka tambaye shi, da wuya idon samartakan nan ya dawo masa. Takarda ta adana Ingila, ta kuma adana yaron da ya kalle ta.

Abubakar Imam kuwa da hannunsa ya rubuta nasa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ingila cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, yana wakiltar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shekara ta zagayo sai ga littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ɗan jarida ya san amfanin rubuta abu kafin ya huce. Duk abin da ya gani a ƙasar mutane yana auna shi da na gida, shi ya sa mai karatu ke ganin ƙasa biyu a shafi ɗaya. Wannan awon ma wani abin tunawa ne, domin yana nuna abin da ke damun marubuci a shekarar da ya yi tafiyar. Malam Aminu Kano ya bi wannan sawun da Motsi Ya Fi Zama.

Sai a kwatanta da alhazan da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango suna noma ko ƙwadago don neman guzuri, wasu shekara da shekaru, wasu suka zauna Sudan ɗungurungum. Tafiyarsu ta fi ta Imam tsawo da wahala, amma kaɗan ne daga cikinsu suka bar rubutu. Jikoki sun gaji laƙabin Alhaji, sunayen zangon da masu masaukin da suka yi musu alheri kuwa sun tafi da masu su. Wannan asara ce mai ciwo.

Yau alhaji na dawowa da wayar da ta cika da hotuna. Hoto yana nuna inda ka tsaya, ba ya faɗin abin da zuciyarka ta ce ranar da ka fara ganin Ka'aba, ko sunan baƙon da ya miƙa maka ruwa a Mina. Wannan aikin alƙalami ne, kuma ba sai marubuci ba. Layi biyar kowane dare, da boko ko da ajami, da kwanan wata da sunan gari da farashin abin da aka saya, sun isa. Duk mai shirin tafiya ya sa ɗan littafi cikin guzurinsa, ya rubuta kafin ya kwanta.