Burke, Sa'adu Zungur da Gadon Sarautar Daura

Marubutanmu da yawa in za su sa sarki a littafi, ko dai su mai da shi waliyyi ko su mai da shi Fir'auna. Da za su karanta Edmund Burke, da wataƙila sun rage wannan gaggawa.

An haifi Burke a Dublin a 1729, ya daɗe a majalisar dokokin Ingila, ya rasu a 1797. A 1790 ya wallafa littafinsa kan juyin juya halin Faransa, wanda ya sa ake kiransa uban 'yan mazan jiya. Ra'ayinsa shi ne al'umma amana ce tsakanin magabata da masu rai da waɗanda ba a haifa ba, don haka ba a rushe gidan gado saboda ɗaki ɗaya na yoyo. Amma kuma ya dage cewa mulkin da bai iya gyara kansa ba, ba zai ɗore ba. Wannan rabin maganar ne masoyansa suka fi mantawa.

Abin mamaki, wanda ya fi kusa da shi a adabinmu ba bafade ba ne. Sa'adu Zungur ne, malamin 'yan NEPU, wanda ya rasu a 1958. A waƙarsa ta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ya zaɓi sarauta, ya kuma gargaɗi sarakuna da abin da ya sami takwarorinsu na Indiya.

To, a Daura fa, wane gadon za a riƙe? Jihadi ya fitar da Sarkin Gwari Abdu, Malam Ishaku ya hau, zuriyar Haɓe ta koma su Zango da Ɓaure. Bayan kusan shekara ɗari Turawa suka maido da Malam Musa daga Zango. Nan ne nake ganin Burke ya gaza: bai gaya mana abin yi ba idan gado biyu suka yi karo, kuma baƙo ne ya raba gardamar. Sa'adu ma bai tsaya kan wannan ba.

Ga Sarki Abdurrahman da ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, ga Muhammadu Bashar da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya same shi a kan karaga. Wannan kaɗai ya ishi mai ƙagaggen labari jari, in har zai yarda ya bar sarkinsa ya zama mutum.