Hannun Shakespeare da Alƙalamin Sarkin Wasanni

Duk yawan abin da William Shakespeare ya wallafa, rubutun hannunsa da ya saura wanda ba a gardama a kansa sa hannu ne guda shida kaɗai: ɗaya a takardar shaidar kotu ta 1612, biyu a takardun cinikin gida na 1613, uku a wasiyyarsa ta 1616. Ban da waɗannan akwai shafi uku, layi 147, cikin rubutaccen wasan kwaikwayon nan Sir Thomas More, wanda ke ajiye a British Library a London. Richard Simpson ne ya fara zaton akwai hannunsa a ciki a 1871, sa'an nan W. W. Greg ya rarrabe hannuwan marubutan a 1911, ya kira wannan hannu D. Sa hannu shida ba su isa ma'auni ba, amma akwai wata hujja: mai hannu D ya rubuta kalmar shiru ta Turanci da baƙuwar siffa, watau "scilens", haka nan kuwa ta fito a bugun 1600 na kashi na biyu na Henry IV. Galibin malamai yau sun yarda nasa ne.

Anthony Munday ne ya rubuta ainihin wasan. Farkonsa labarin tarzomar ranar 1 ga Mayu 1517 ne, sa'ad da 'yan koyon sana'a na London suka auka wa baƙi. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko ba a yin wasa sai Sarkin Wasanni, Edmund Tilney, ya duba ya yarda, gama an ba shi wannan iko tun 1581. Da ya karanta sai ya rubuta a shafin farko a cire tarzomar ɗungum da dalilinta, a ambace ta a taƙaice kawai, in an ƙi kuwa alhaki na wuyansu. A wasu wurare da aka ce baƙo ko Bafaranshe ya mai da shi mutumin Lombardy, don Faransawa da mutanen Holan masu gudun hijira suna da yawa a birnin. A 1593 ma an manna takardar barazana gare su a jikin cocinsu.

Akan ce an kira Shakespeare ne don ya gyara abin da Tilney ya ƙi. Wannan magana ba ta tsaya ba. Tilney cewa ya yi a cire, shafukan nan uku kuwa tarzomar ce kanta aka sake rubutawa, kuma babu alamar alƙalaminsa a kansu. A ciki More yana sa masu bore su zana baƙi a zuci, goye da 'ya'yansu, suna jan ƙafa zuwa bakin teku; ya tambaye su ina za su in sarki ya kore su; ya kuma ce tayar wa sarki saɓon Allah ne. Jawabi ne na biyayya wanda ya kamata ya yi wa hukuma daɗi. Amma Tilney ya san aikinsa: talakan da ya ga sanduna a dandali, su zai tuna, ba wa'azin ba. A tarihi ma More bai iya kwantar da taron ba, wasan ne ya ba shi nasara.

Saboda haka ra'ayin John Jowett ya fi ƙarfi, cewa an yi gyaran wajen 1603 zuwa 1604, bayan rasuwar Sarauniya, wadda ubanta Henry VIII ya sa aka fille kan More a 1535. Shi wannan mai wa'azin biyayya, can gaba a wasan, ya ƙi sa hannu a takardun sarki, ba a ko faɗi abin da ke cikinsu ba, duk da haka Tilney ya ce a sake wurin. Babu shaidar an yi wasan a zamaninsu, ba a kuma buga shi ba sai 1844, a hannun Alexander Dyce.