Jinjina ga Masu Jinyar 'Yan Sikila

Haƙiƙa duk wanda Allah Ya ƙaddara ya kwana a ɗakin masu amosanin jini, waɗanda jajayen ƙwayoyin jininsu kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20 alhali na mai lafiya sukan kai 120, ya san martabar ma'aikaciyar jinya, Allah Ya saka mata da alheri. Ita ce, cikin natsuwa da haƙuri, za ta ja fatar idon yaro ta ga cikinsa ya yi fari fat, ta dafa wuyan hannunsa ta ji zuciya na gaggawar cike giɓi, sa'an nan idan likita ya yi umarnin ƙarin jini, ta tabbatar da rukuninsa, ta tsaya kansa minti 15 na farko tana lura da zazzaɓi ko makyarkyata.