Jinjina ga Masu Awon Ji

Aikin masanin ji, wato ƙwararren da ke auna yadda kunne ke kama sauti, aiki ne da ya cancanci yabo, domin mai shi yana farautar abin da ba a gani ne, cikin haƙurin da ba kowa ke da shi ba. Fannin ya kafu a Amurka a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Raymond Carhart ya duƙufa kan sojojin da yaƙi ya kurmantar.

A ɗakin da ƙara ba ta shiga, masanin yakan aika sautuka daga hatz 250 zuwa 8000, ma'aunin kaifin sauti ke nan, yana rage ƙarfinsu har majinyaci ya daina ji. Gwanintarsa ta fi bayyana wajen kwatanta sautin da ya bi ta ramin kunne da wanda ya bi ta ƙashin bayansa, saboda tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna cewa cikas ɗin yana kunnen waje ko na tsakiya, inda magani ko tiyata kan yi amfani. Jariri kuwa, da ba ya iya amsawa, ana gwada shi da amon da kunnen ciki ke mayarwa, wanda David Kemp ya gano a 1978.