Mai hoton da ke sunkuyar da kai

A falon mahaifiyata a Fagge akwai hotonta na Sallah, baƙi da fari, mai kusurwa huɗu daidai wa daida. A wani shagon hoto na Sabon Gari aka ɗauke shi kafin a haife ni. Duk lokacin da na dube shi sai in tambayi kaina: me ya sa ya fi dubban hotunan da ke wayata nutsuwa?

Amsar farko tana cikin kyamarar. Masu hoton wancan zamani da yawa suna aiki da Yashica ko Rolleiflex, masu cin fim mai lamba 120, wanda Kodak ya fitar tun 1901. Kowane hoto santimita 6 ne tsawo da faɗi a jikin fim, ya ninka na ƙaramar kyamara fiye da sau uku. Shi ya sa har zaren aikin wuyan rigarta ake gani. Kuma naɗi ɗaya hoto 12 kacal yake ɗauka, don haka mai hoto ba ya gaggawa.

Amsa ta biyu ta fi burge ni. Irin wannan kyamara a ƙirji ake riƙe ta, a leƙa ta sama. Wato mai hoto yana sunkuyar da kai, ba ya ƙura wa mutum ido. Ga matar aure mai kunya a gaban baƙon namiji, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ina ganin wannan sakewar a fuskar Umma. Haka nake ganinta a hotunan Malick Sidibé na Bamako, wanda shi ma ya yi aiki da Rolleiflex.

Da kyamarar dijital ta zo, wannan kasuwa ta durƙushe. Zuwa 2005 an daina ƙera Bronica da Contax. A 2013 Hasselblad ya rufe layin tsohuwar kyamararsa. Waɗanda suka rage sun koma dijital, da tsadar da mai shago a France Road ba zai tunkara ba.

Ba kukan jiya nake yi ba. Waya ta ba ɗan dako a Kantin Kwari damar ɗaukar ɗansa ba tare da ya biya kowa ba, kuma wannan alheri ne. Amma a matsayina na mai rubuta manhaja, na san abin da ke faruwa da hotunanmu: WhatsApp yana matse su, manhajar gyaran fuska tana goge kamanninmu, ranar da aka ƙwace waya kuma shi ke nan.

Hoton Umma ya haura shekara arba'in a bango. Hotunan sunan 'yata sun tafi da wata waya da ta faɗa ruwa. Wannan Sallar, ku zaɓi guda ɗaya ku kai a wanke muku.