Tsakanin Zane da Zane: Nazari a Kan Ayyukan Nike Davies-Okundaye

Manufar wannan maƙala ita ce gano inda ƙarfin fasahar Nike Davies-Okundaye yake, wato mai zanen nan da aka haifa a Ogidi, cikin jihar Kogi ta yanzu, a shekarar 1951. A rubutun Hausa, zanen ɗaurawa da zanen hoto kalma ɗaya ce, sai a furuci karin sauti da tsawon wasali su raba su. A kan wannan mahaɗa ayyukanta suka zauna.

Saƙa da rini ta fara koya a hannun kakanninta mata, kafin ta shiga cikin masu fasahar Oshogbo. Rinin da Yarabawa ke kira adire shi ne tushenta, musamman nau'in eleko. Akan dama garin rogo ya yi kauri, a tsoma gashin kaza a ciki a zana siffofi a kan farin yadi, a bari ya bushe, sannan a saka shi a ruwan baba. Duk inda ƙullun ya rufe, baba ba ya kamawa. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano ba zai ga baƙon abu ba, illa dai can aikin maza ne, a ƙasar Yarabawa kuwa mata ne ke riƙe da shi. Muhimmin abin lura shi ne, wannan aiki ba ya karɓar gyara. Idan layi ya karkace, to ya karkace ke nan. Wannan horo ne ya ba hannunta natsuwa, shi ya sa ƙananan siffofinta ke jeruwa ba tare da sun ci karo da juna ba.

Hotunan da take yi da fenti ba su kai nan ba ko da yaushe. A wasu, launi ya yi yawa har ya danne layi, ido ya rasa inda zai tsaya. Waɗanda suka fi armashi su ne waɗanda ta koma ga shuɗin baba, ta mayar da adon yadi ya zama jikin hoton kansa.

Ta fuskar koyarwa, cibiyar da ta kafa a Oshogbo a 1983 ta horar da mata da matasa masu yawa kyauta, kuma babu mai musun cewa ta farfaɗo da sana'ar da yadin masaƙun zamani ya kusa binnewa. Sai dai koyo irin na gaban gwani yana da nasa cikas. Almajiri kan ɗauki hannun malaminsa dungurungum, kasuwa kuma ta ƙarfafa masa guiwa, tunda abin da masu saye suka saba gani shi suke nema. A babban ɗakin baje kolinta na Lekki, wanda aka buɗe a Legas a 2009, a nan ya kamata mai nazari ya auna ko ɗalibanta nawa ne suka fara zana abin da ba a koya musu ba.